Daren wuta a Lewes

Ƙanena ya so in bari sai watan Yuni ko Yuli, lokacin da rana ke kaiwa tara na dare ba ta faɗi ba. Hutun wurin aiki bai ba ni wannan zaɓin ba, sai na sauka Landan a ƙarshen Oktoba, daidai makon da suke mayar da agogonsu baya da awa ɗaya, kamar yadda suke yi duk Lahadin ƙarshe ta watan. Daga nan yini ya zama ɗan guntu. Azahar tana shiga kafin sha biyu, la'asar wajen biyu, huɗu da rabi kuma magariba ta yi. Kana gama wata alwalar lokacin wata sallar ya taho. Daga filin jirgi muka wuce Brighton, garin bakin teku a kudancin Ingila inda yake aikin jinya, ina ta kallon mutane a jirgin ƙasa, da yawansu sun maƙala wani ɗan jan fure na takarda a ƙirjin kwat. Na bar tambayar furen sai an huta.

Da dare ina kwance na ji ƙara, tas tas tas, sai kuma wata babba da ta girgiza gilashin taga. Wanda ya taso inda na taso ba ya jin irin wannan ya juya ya ci gaba da barci. Na miƙe zaune. Ƙanena ya leƙo yana dariya, ya ce, "Yaya, kwanta abinka. Wasan wuta ne, yara ne suka fara ɗumama hannu. Ka bari biyar ga wata ta zo, zan kai ka inda ake yin na gaske."

Abin da ake tunawa a ranar 5 ga Nuwamba ya faru ne a 1605. A lokacin Ingila ta yi shekara saba'in da ɓallewa daga ƙarƙashin Fafaroma, tun da Sarki Henry na Takwas ya naɗa kansa shugaban cocin ƙasarsa a 1534, kuma waɗanda suka tsaya kan Katolika suna shan wuya: tara ga wanda bai je cocin gwamnati ba, kisa ga limamansu in an kama. Sun sa rai Sarki James na Ɗaya zai sassauta, da suka ga babu alama sai wasu mutum 13 ƙarƙashin wani Robert Catesby suka ƙulla cewa ranar buɗe majalisa za su tashi ginin da sarki da manyan ƙasa gaba ɗaya. Suka kama hayar wani ɗakin ajiya a ƙarƙashin zauren, suka jibge ganga 36 ta albarushi, suka lulluɓe da itacen girki. Wanda aka bar wa kunna wutar shi ne Guy Fawkes, ɗan garin York, tsohon soja da ya yi wa Sifen yaƙi, ya san kan albarushi. Asiri ya tonu ta wata wasiƙa marar suna da aka aika wa wani basarake, Lord Monteagle, ana ce masa kada ya je majalisa ranar. Aka bi ginin da bincike, cikin dare aka tarar da Fawkes a gindin kayan. Ya ce sunansa John Johnson, ya cije a kan haka har sai da azabar kurkukun Hasumiyar Landan ta buɗe masa baki. Catesby ya mutu a musayar wuta bayan 'yan kwanaki, shi kuma Fawkes aka kashe shi a ƙarshen Janairun 1606. Ba shi ne shugaba ba, amma shi aka kama da ashana a aljihu, don haka sunansa ne ya bi duniya.

Majalisa ta kafa dokar cewa duk shekara a yi godiya a coci saboda tsirar sarki, dokar ta zauna har 1859. An soke ta, wutar ba ta mutu ba. A yawancin garuruwa yanzu abin ya zama fitar iyali: a tara itace a fili, a ɗora mutum-mutumin tsumma a kai, a cinna, a harba tartsatsin wuta sama, yara suna cin tuffa da aka tsoma a narkakken sukari. Mutanen arewacin Ingila suna da wani kek mai ɗanko na citta da baƙar madi da suke kira fakin, na wannan lokacin ne. Tsofaffi sun ce a zamaninsu yara kan cusa tsofaffin kaya da jarida su yi mutum-mutumin, su tura shi a baro suna bin titi suna roƙon kwabo, kusan yadda 'yan tashe ke bin gidaje a watan azumi; yanzu wannan ya kusa ɓacewa. Abin da ya ba ni dariya shi ne sanarwar da ake ta maimaitawa cewa kafin ka cinna wa tarin itace wuta ka ɗaga ka duba, kada bushiya ta shige ciki ta kwanta. Akwai ma gidan rediyon da ke sa kiɗa mai sanyi a daren don karnuka da maguna su samu natsuwa. Ana ƙona siffar ɗan Adam, ana tausayin bushiya.

Lewes daban take. Ƙaramin gari ne na mutum wajen 17,000, tafiyar kwata ɗaya a jirgin ƙasa daga Brighton, amma a wannan daren dubun dubatar baƙi ke cika shi, har hukuma ta gaji ta koma roƙon mutane su zauna a garuruwansu. Tun da rana jiragen ƙasa ke daina tsayawa a tashar garin, a rufe hanyoyin mota, ba a buɗewa sai an watse. Wanda bai shiga da wuri ba ya haƙura, wanda ya shiga kuma ya nemi wurin kwana. Mu mun ci sa'a, wata abokiyar aikin ƙanena 'yar garin ce, a gidan mahaifiyarta muka sauka da hantsi. Tsohuwar ta haura tamanin. Ƙanena ya kira ta da sunanta gatsau, kamar sa'arsa, ita ma ko a jikinta. Ni bakina ya ƙi, na ce Mama, ta yi dariya ta ce ta karɓa. Kafin mu zauna an ɗora butar shayi. A gidan Bature na Ingila shayi shi ne ruwan baƙo, ko murna ko jaje da shi ake farawa.

Da azahar na zaga gari. Titunan ƙanana ne masu hawa da gangara, ga tsohuwar ganuwar da Normawa suka gina bayan sun ci Ingila a 1066 tana kallon komai daga tudu. Masu shaguna sun duƙufa suna buga filawud a kan gilasai, sai ka ce ana jiran tarzoma. A wani titi an rataye ƙyallaye daga wannan bango zuwa wancan, ɗaya a cikinsu na ɗauke da tsohon kirarin ƙin mulkin Fafaroma. A gaban zauren gari ƙanena ya nuna mini wani allo a bango. A nan ne, tsakanin 1555 da 1557, aka ƙona mutum 17 'yan Furotesta da ransu, zamanin Sarauniya Mary ta Ɗaya, 'yar Henry ɗin nan, wadda ta yi ƙoƙarin mayar da ƙasar Katolika, ta ƙona kusan mutum 300 a faɗin Ingila. Na farkonsu a Lewes mai dafa giya ne daga Brighton, Dirick Carver. A rana ɗaya ta watan Yunin 1557 mutum goma aka haɗa a wuta ɗaya. Wato shekara hamsin kafin Guy Fawkes garin nan yana da nasa tabon, kuma shi ya sa wutarsa ta fi ta kowa zafi.

A ƙarni na 19 abin ba biki ba ne, ta'asa ce. Samari kan rufe fuska su mirgino gangunan kwalta masu ci da wuta cikin titi, su yi wa wanda suke jin haushi ɓarna. A 1847 sai da aka kawo 'yan sanda daga Landan. Da Fafaroma ya sake naɗa bishop-bishop na Katolika a Ingila a 1850 sai abin ya ƙara ruruwa. Maganin da garin ya samo shi ne a 1853 aka kafa ƙungiyoyin farko, aka miƙa wa masu ɓarnar alhakin tsara abin da kansu. Yau ƙungiyoyi bakwai ne, shida ke fita a daren, kowace da unguwarta, da launin rigarta, da filin wutarta. Idan 5 ga wata ta faɗo Lahadi sai a yi ranar Asabar.

Mai masaukinmu, abokiyar aikin ƙanena, ta kai mu bayan gida ta nuna mana aikin da suka yi wata da watanni suna yi. Sanduna ne tsawon hannu, an naɗe kan kowace da tsumman buhu an ɗaure da waya, ranar fita a tsoma a kananzir. Dubbai suke yi, da hannu, a ranakun hutu, ba mai biyan kowa, kuɗin ma daga aljihunsu da 'yan tare-taren da suke yi duk shekara yake fitowa. Ta dubi jaket ɗina mai santsi ta girgiza kai, ta ce tartsatsi ɗaya zai narkar da ita a jikina. Ta ɗauko mini wata tsohuwar kwat ta ulu duk ƙananan hujojin ƙuna, da hula, da abin toshe kunne. Ita kuma ta sa rigar sanyi mai ratsin baƙi da fari, da farin wando, da jar hula, kayan 'yan fasa-ƙwaurin da na bakin tekun Sussex, yankin da Lewes take. Ta shafa baƙin toka a kumatu, ma'aikaciyar jinyar da na gani da safe ta ɓace.

Ana yin magariba aka fara. Na yi sallata a falon Mama, muka fita muka samu gindin wani bango kusa da gada. Farko tseren ganga ne: rabin duro a kan ƙafafun ƙarfe, wuta na ci a ciki, maza da mata suna ja da gudu, ƙarfe na kartar dutsen titi. Daga baya aka zo da wata ganga mai ci bal-bal aka ɗaga aka cilla ta kogin Ouse daga kan gadar, ta faɗa da wata irin ƙara, tururi ya tashi. Sai ganguna da kakaki, sai jerin gwanon ya ɓullo daga kan tudu. Titin da faɗinsa bai wuce mota biyu ba ya cika da wuta daga bango zuwa bango, mutum uku uku, huɗu huɗu, kowa da sandarsa, iya ganinka.

Hoto ba ya kawo zafin. Fuskata ta gaba kamar a bakin tanda, bayana kuma sanyi na cizo. Hayaƙin kananzir ya cika ido da maƙogwaro. Duk wanda sandarsa ta cinye sai ya yar a gefen titi, dab da ƙafafunmu, wasu na biye da baron ƙarfe suna tsincewa, baron ma ya zama wata wutar mai tafiya. Lokaci lokaci wani ya saki abin fashewa a ƙasa, ƙarar ta doki bango ta dawo ta doki ƙirji. A cikin wannan hargitsin na ga wata uwa tana tura keken jariri, an sa wa jaririn rigar ratsi irin tata da abin rufe kunne, yana barcinsa. Na ga yaro da bai fi shekara bakwai ba riƙe da sandar wuta da hannu biyu, ya ɗaure fuska, kakansa na gefe ko kallonsa ba ya yi. Wannan ce ƙasar da ake rubuta gargaɗi a jikin kofin shayi cewa da zafi. Na tambayi ƙanena ina dokokin lafiyar da suka ishe shi da su a wurin aiki, ya ce, "Yau suna hutu, Yaya."

Shigar kuwa sai wanda ya gani: mayaƙan Baikin da hulunan ƙarfe, sojojin Rum, sufaye, matan fada da rigunan zamanin Henry, sojojin yaƙin duniya. Ɗaya daga ƙungiyoyin ta daɗe tana fitowa da shigar Zulu, da gashin jimina, da fuska shafe da baƙin fenti. Sai a 2017, bayan ƙorafi, suka amince su daina baƙanta fuskar. Na tayar da zancen daga baya, mai masaukinmu ta ce su a wurinsu girmamawa ce ga jarumtar Zulu, ba su taɓa nufin cin fuska ba. Na yarda ba ta nufa ba. Amma shekara nawa aka yi ana yi ba wanda ya ga dalilin tambayar masu fuskar.

Can sai kiɗa ya sauya, aka taho da gicciye 17 suna ci da wuta, ɗaya don kowane mutum da aka ƙona a gaban zauren gari. Ihun ya ragu. A kan tudu, inda gunkin tunawa da sojojin garin yake, kowace ƙungiya takan tsaya ta ajiye fure, a busa ƙaho, a yi tsit. Dubban mutanen da rabinsu sun sha giya, a tsakiyar wuta, suka yi shiru har kana jin sandunan na ƙara. Ana gamawa aka saki wata fashewar da ta sa na dafe kunne duk da abin toshewar.

Sai manyan mutum-mutumin. Guy Fawkes na nan, da Fafaroma Paul na Biyar, wanda ya hau kujera a shekarar da asirin makircin ya tonu. Bayansu kuma wanda jama'a suka fi jira, domin kowace ƙungiya a ɓoye take gina nata, ba a sanin wa za a fitar sai daren. Tsayinsu ya kai bene, an cusa cikinsu da kayan fashewa. A shekarun baya an fitar da Osama bin Laden, da Putin, da Trump, da firaministocinsu irin su David Cameron da Boris Johnson, kuma ba a yi musu da daɗi, a kan zana mutum a yanayin da ba zan iya bayyanawa a nan ba. Wanda ya wuce gabanmu na wani babban ɗan siyasar ƙasar ne, jama'a na ta yi masa ihu, 'yan sanda na tsaye suna gyara wa motar da ke jansa hanya. Wannan ɓangaren ya burge ni, ba zan ɓoye ba. Mai mulki ya san cewa in ya yi wasa, ƙaramin gari zai tashi siffarsa da albarushi a gaban kyamarorin duniya, kuma ba wanda za a gayyata ofishin 'yan sanda washegari.

Na Fafaroman ne ya tsaya mini a rai. Da muka koma gida shan shayi kafin fita ta ƙarshe na tambayi Mama, 'yan Katolikan garin fa? Ta ce ai wannan Fafaroman ya mutu shekara ɗari huɗu, ba na yanzu ake nufi ba, kuma akwai 'yan Katolika a cikin ƙungiyoyin, suna riƙe sandar wuta kamar kowa. Ita kanta rabonta da coci tun wata jana'iza. Ta ce, "Mahaifina ya yi, na yi, jikokina suna yi. Shi ke nan." Na gaskata ta, don ban ga ƙiyayya a fuskar kowa ba a daren. Gabar ta tsufa har haƙoranta sun zube, saura kayan ado. Amma ban manta cewa ba da kanta ta tsufa ba: sai 1829 aka bar ɗan Katolika ya zauna a majalisa, har gobe doka ba ta yarda ya hau gadon sarautar Birtaniya ba, kuma a Ireland ta Arewa wannan gabar ta ci mutum sama da 3,500 a zamanin da muna raye. Sannan gicciyen 17 ne kawai. Limaman Katolikan da aka rataye aka daddatsa a zamanin Elizabeth ta Ɗaya ba mai ɗaukar musu wuta a titin Lewes. Kowa gawarsa yake ƙirgawa.

Wajen goma kowace ƙungiya ta nufi filinta a bayan gari, mu ma muka bi tamu da tikitin da aka saya mana tun da wuri, muna tafe cikin taɓo. Masu sayar da abinci sun jeru, yawanci tsiran alade ne a burodi, ƙanena ya ja ni wurin mai gasasshen dankali da cuku. Tarin itacen ya fi gida tsayi, da aka jefa masa sanduna sai da muka ja da baya. Sai wasu mutum uku da shigar manyan limaman coci suka hau wani dandamali, babbansu ya fara huɗuba, jama'a kuma suka shiga jifansu da abin fashewa. Wuta na tashi a kafaɗarsa da gindin rigarsa, bai fasa magana ba, ba kuma mai jin abin da yake cewa. Yana tambaya me za a yi da wane, taro na amsawa a ƙona shi. Ɗaya bayan ɗaya aka tashi mutum-mutumin, kan Fafaroma ya yi sama ya tarwatse, sararin garin ya cika da tartsatsi daga filaye shida a lokaci guda. Tsakar dare suka koma unguwanninsu suka karanta tsohuwar waƙar ranar, suka yi wa sarki addu'a, aka watse.

Da safe na fita neman ɓarna, na tarar an share titi, ana cire filawud, wata tsohuwa na jan karenta. In ba don warin kananzir da baƙin tabo a kan kwalta ba, ka rantse ba a yi komai ba.

Mu kan ce Bature ba shi da al'ada, ya yar da komai ya kama boko. Wanda ya faɗi haka bai ga yadda ake buɗe majalisarsu ba. Har yau kafin sarki ya iso, dogaran fada da jajayen kaya sukan ɗauki fitilu su bi ƙarƙashin ginin suna neman albarushi, alhali ɗakin da aka kama Fawkes ya tafi tare da tsohon ginin da gobarar 1834 ta cinye. Ana kuma kai ɗan majalisa guda fadar Buckingham a riƙe shi jingina har sarki ya dawo lafiya. Manzon da aka aika ya kira wakilan jama'a, yana isa sai a rufe masa ƙofa a fuska, sai ya ƙwanƙwasa sau uku, don tuna 1642 da Sarki Charles na Ɗaya ya kutsa zauren zai kama mutum biyar. Ba wanda ke dariya a lokacin da ake yin waɗannan.

Jan furen nan kuwa, fofi suke kiransa, na sojojinsu ne. Shi ne ya riƙa tsirowa a filayen daga na Faransa da Beljiyam bayan an gama kashe-kashe, kuma tun 1921 ƙungiyar tsofaffin sojoji ke sayar da na takarda don taimakon 'yan mazan jiya. Babu farashi, abin da ka ga dama kake jefawa a gwangwani. Mai karanta labarai a talabijin ko ɗan siyasa da ya fito ba shi a ƙirji, ranar zai sha magana. An tsayar da yaƙin duniya na farko ƙarfe 11 na safiyar 11 ga Nuwamban 1918, don haka duk shekara a wannan sa'ar ake yin shiru na minti biyu, babban taron kuma Lahadi ta biyu a watan.

Muka yi sammako zuwa Landan don wannan. Layin bincike ya yi tsawo ƙwarai, ba mai tsallake wani, wanda ma na taka wa ƙafa shi ya riga ni ba da haƙuri. A titin Whitehall akwai wani dogon dutse fari da aka kafa a 1920, siffar kabari ne amma ba gawa a ciki. Daga inda muke sai a babban allo muke ganin sarki. Big Ben, ƙararrawar agogon majalisa, ta buga sha ɗaya, aka harba igwa, Landan ta ɗauke numfashi. Bayan sarki da 'yan siyasa sun ajiye furanni, jakadun ƙasashen renon Ingila suka matso, har da na Najeriya. Sannan tsofaffin sojoji dubbai suka yi ta wucewa, wasu a keken guragu, lambobi na ƙara a ƙirji, jama'a na tafi.

Ina tsaye ina tuna wani tsoho a unguwarmu da muka taso muna gani a ƙofar gida, wanda aka ce ya je yaƙin Bama. Mu yara abin dariya muka ɗauke shi, don in ransa ya ɓaci yakan ƙame ya yi ta ba da umarnin fareti. Runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma, 'yan Najeriya da Gana da Saliyo da Gambiya, su suka shiga dazukan Bama suka fuskanci Japanawa, kuma Hausa ce harshen bariki a rundunar Najeriya. Kafin su, iyayensu sun yi yaƙin farko a Kamaru da gabashin Afirka. A da mu ma 11 ga Nuwamba muke tunawa da su, daga baya aka mayar 15 ga Janairu, ranar da yaƙin basasa ya ƙare a 1970. A 2021 hukumar da ke kula da kaburburan sojojin ta fitar da rahoto ta amsa cewa aƙalla mutum 116,000, yawancinsu 'yan Afirka, da suka mutu a yaƙin farko ba a rubuta sunansu a ko'ina ba, alhali Turawa an rubuta nasu sunayen a dutse. Ministan tsaro na lokacin, Ben Wallace, ya tashi a majalisa ya nemi gafara. Mutanen da ke riƙe da sunan mai dafa giyar da aka ƙona a 1555 ba mantuwa ce ta hana su rubuta namu ba.

Da aka tashi na ce wa ƙanena ya kai ni inda aka ce an yi wa namu abin tunawa. Muka ratsa lambu, muka wuce gaban fadar Buckingham, muka hau titin Constitution Hill. A ƙarshensa akwai ginshiƙai huɗu na farin dutse da aka buɗe a 2002, shekara 57 bayan gama yaƙi na biyu, don mutum miliyan biyar na ƙasashen Indiya da Afirka da Karebiyan da suka yi yaƙoƙin biyu. Akwai 'yan furanni a gindinsu, motoci na wucewa ta tsakiya. Na bi ginshiƙan ina karantawa. Indiya da sunanta, Pakistan da sunanta, Bangladesh, Siri Lanka, Nepal, kowace an sassaƙa mata nata. Na zaga ina neman Najeriya, ƙanena ya nuna mini da yatsa ya ce, "Ga mu can, Yaya, a dunƙule." Afirka aka rubuta.